Ke Ce Ta Goma a Kowace Kwalba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Agusta, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina barandar asibitinmu ina cike wa masu jiran allura katin rigakafi, direbanmu ya zo ya tsaya a kaina. Ina ɗago ido na gane. Shugabar masu allurar rigakafinmu, wadda duk muke kira Yaya, ta cika a ɗakin masu annoba, bayan kwana tara tana fama da numfashi.

Na san ba a yi wa mamaci faɗa. To Yaya, sai dai ki yi haƙuri, ni yau sai na yi miki, don haushinki nake ji, kuma wallahi na rasa inda zan kai shi.

Ban manta farkon aikin nan ba. Mu jera kujeru talatin tun safe, har azahar ba wanda ya zauna sai kazar maigadi. Wasu su ce allurar na hana haihuwa, wasu su ce duk wanda aka yi wa, cokali zai manne masa a damtse. Da abin ya ishe ki, kika saɓi akwatin ƙanƙara muka nufi tashar mota. Kika naɗe hannun riga a gaban direbobi na yi miki allurarki ta farko, sannan kika ari cokalin mai shayi kika ce kowa ya zo ya gwada. Cokali ya faɗi ƙasa ya fi sau ashirin, ana ta ƙyaƙyata dariya. Ran nan mutum arba'in cif muka yi wa.

Ke kika koya mana ƙa'idar kwalba. Kowace ɗaya ta mutum goma ce, kuma da zarar an huda ta, awa shida gare ta, abin da ya rage sai shara. Ba ki taɓa yarda an zubar da ko ɗigo ba. In mutum bakwai ne a layi, sai ki ɗaura takunkumi ki bi shagunan bakin titi, ki dawo da tela da mai faci da mai gyaran waya, kina tafe kina tsokanarsu wai ƙattai da su suna tsoron abin da jarirai ke dauriya a kai.

Sai da jama'a suka waye suka fara cika baranda, sannan allurar ta yi ƙaranci. Haka aikinmu yake: lokacin da muke da kaya ba mutane, da mutane suka zo ba kaya. Na sama su ce mota na hanya, mako uku mota na hanya! In ta iso, kwalba shida za a miƙo mana, a haɗa mu da takardar jinjina.

A nan rigimata da ke ta fara. Lokacin allurarki ta biyu ya yi, har ya wuce da wata guda, ga ki da ciwon suga, ga shi kullum masu tari na numfashi a fuskarki. Sai kika ɓullo da dabara: mu tara mutum tara, ke ce ta goma. Kullum kuwa muna kaiwa na tara wani zai faɗo yana haki, tsohuwa da sanda ko malamin makaranta da ya sato jiki daga aji, ke kuma ki sauke hannun rigarki.

Na ce, “Haba Yaya, wai ke jikinki ƙarfe ne?”

Kika ce, “Ƙanwata, ni kullum ina nan. Wannan in ya juya, ba za ki sake ganin ƙeyarsa ba. Gobe sai ki yi mini.”

Sau goma sha ɗaya na ji wannan goben. Na yi fushi, na yi roƙo, na kai ƙararki wurin likita, ya kira ki ofis, kika fito kina murmushi kina ce mini ’yar gulma.

Ranar kwalbar ƙarshe na rantse ba za ki kuɓuce mini ba. Na zuƙe rabon na goma a sirinji da kaina, na zaunar da ke a kan benci, na goge miki damtse da auduga. Sai ga mahaifina a bakin ƙofa. Wata huɗu ina lallashin tsohon nan yana ce mini shi ba zakaran gwaji ba ne, sai ran nan ya ga damar zuwa, don annobar ta ɗauke abokin hirarsa. Kika dube shi, kika dube ni, kika miƙe kika ce, “Baba, bismilla, zauna nan.” Ni mai baki, ni mai kai ƙara, ko uffan ban ce ba. Na yi masa, har da jin sanyi a raina.

Daga nan firij ya zauna fayau mako biyar. A mako na huɗu kika fara tari kika ce mura ce. Kwana biyu bayan an kai ki makwancinki, sai ga motar da ke hanya ta iso da kwalba ɗari biyu, saura kwana goma sha biyu wa'adinsu ya ƙare. Ɗari biyu, jama'a! Ina aka ajiye su lokacin da muke rabon ɗigo? Wa ya zauna a kan takardar? Na tambaya, an ce mini ana bincike. Muka yi ta gudu kasuwa da makarantu da tasha, duk da haka sai da muka zubar da sittin da ɗaya, ina jefawa a kwandon shara ina kuka.

Likita ya ce ba mai iya rantsuwa cewa allura ta biyu za ta hana abin da ya faru, kuma na yi imani kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma ya ku abokan aikina, don Allah wanda ke riƙe da sirinji ya fara miƙa nasa hannun, kada kowa ya ɗauki wannan halin na Yaya. Sauran halayenta kuwa, mu yi ta kokawar kamo ko rabi.

Allah Ya gafarta miki, Yaya. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sanya duk damtsen da kika taɓa ya zama shaida a gare ki ranar hisabi. Ya ba mu ikon ƙarasa aikin da kika bari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da ’ya’yanki mata uku, da maigidanki, Allah Ya ba su juriyar wannan rashi. Da na je gaisuwa, maigidanki ya yi ta sa mini albarka a gaban mutane, wai kin sha gaya masa ni ce na fi kowa matsa miki ki karɓi allurarki. Na sunkuyar da kai na kasa magana, shi ya sa na rubuta. Maigidan Yaya, ranar ƙarshe sirinjin a hannuna yake, matarka na zaune a gabana, na zaɓi ubana. Ku yafe mini.