Ɗan Fari a Bakin Raga

Ihu ne ya tashe ni daga barcin rana ran Juma'ar da ta wuce, na fito da gudu ina zaton wani abu ya kama da wuta. Ashe ɗana ne da abokansa a falo, sun kewaye talabijin suna yanke wa wasu ƙartin Amurka hukunci. Ƙwallon nan ce tasu ta can, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasan da hulunan kwano da kafaɗu kamar an cusa musu matasai. Ƙungiyar da yaran ke goyon baya tun farkon kaka ake lallasa ta, su kuma suna nan unguwar Rusaifa ta Makka a kan kujeruna, suna cin gyaɗata, suna bin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya. Mai jifan ƙwallon hannunsa ya mutu. Masu tare masa gaba buhunan shinkafa ne. Wannan a kore shi, wancan a sayar. Da Larabci suke yi, sai in zagin ya kai zagi su juya Hausa. Kuma na rantse babu ɗayansu da ya taɓa riƙe irin wannan ƙwallo a hannunsa.

Na tsaya a bakin ƙofa raina yana tafasa, alhali yaran ba su yi mini komai ba. Muryar ce na gane. Na san ta tun ina ɗan shekara goma sha huɗu a unguwar Hindawiyya, lokacin da ni ne naman da ake yankawa.

In ba ka tashi a layinmu ba, bari in gaya maka yadda yake. Akwai wani fili a bayan gidajenmu, jikin dutse, rabinsa tsakuwa rabinsa fasassun kwalabe. An kafa bututun ruwa an ɗaura raga, shi ke nan ya zama filin ƙwallo. Bayan la'asar ake wasa, ƙasar tana huci har ta cikin takalmi. Da sanyi ya shigo aka yi ruwan nan na Makka mai zuwa a fusace, sai filin ya kwana biyu yana warin taɓo, ya bushe ya fi da tauri. A kan wannan ƙasa nake faɗuwa, don ni ne golan ƙungiyar layinmu. Safar hannuna irin ta masu gini ce. Gwiwar hannuna ba ta taɓa warkewa ba, Inna na wanke ta da ruwan gishiri tana faɗa, washegari in je in sake ɓare ta.

A bakin layin kuma akwai mirkaz, dogayen kujerun katakon nan da dattawa ke kishingiɗa a kai suna shan shayi da na'ana'a. Mai shagon kayan gini ne ya kafa shi a ƙofar shagonsa, don haka shi ne babba a wurin, kuma shi ya ɗinka mana riguna. Al'ada ce duk ranar wasa, in an idar da magariba, mu 'yan ƙwallo mu zo mu gaida su, mu zauna a tabarma a ƙasa mu ji abin da za su ce. A shekarun da muke ci, zaman daɗi ne, har tsire ake saya mana. Sai ga wata shekara da ƙwallo ta juya mana baya. Duk unguwar da muka je a ci mu, duk wadda ta zo ta ci mu a gida.

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Mutanen nan, wani tumbinsa ba ya barinsa ya ga yatsun ƙafarsa, wani rabonsa da gudu tun safa da marwa na aikin hajjinsa na farko, amma kowa malami ne. Sai su fara daga gaba su gangaro baya. Ɗan gabanmu ya ɓarar da ƙwallo shi da raga, sai mahaifinsa direban tasi ya zabura: "La, la, ya jama'a! Ba a ba shi a ƙafa ba, ya zai yi?" A wuce. A zo kan na tsakiya, kawunsa mai tsire ya ce yaron da zazzaɓi ya buga, a gode masa ma. A wuce. A zo kan mai tsaron bayanmu, wanda ko jaki ne ya ɗauko ƙwallo zai wuce shi, sai kowa ya kama kurɓar shayi, don ɗan mai mirkaz ne. To laifin ina zai je? Dole ya sauka a kan wani. Haka yake gangarowa kowace ranar wasa har ya iso kaina, ni da ke ƙarshen fili, ni da ba wanda ke buɗe baki saboda ni.

Ba don ba ni da uba a wurin ba. Baba yana nan zaune, a gefen dama, da carbinsa. Shi dai ba haifaffen nan ba ne kamar sauran. Da girmansa ya zo daga ƙasar Kano tare da mahaifiyarsa, ya zauna yana ɗinki, kuma ya zo da alkunyarsa cif, ko ƙwaya bai zubar a hanya ba. Ni ne ɗansa na fari. Bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne ko "yaron nan". Ƙanena yana hawa wuyansa har kasuwa, ni ko hannuna bai taɓa riƙewa a gaban mutane ba. A wurinsa, mutum ya tsaya yana kare ɗan fari a cikin taro rashin ta ido ne. Sauran iyayen tuni Makka ta wanke musu wannan, suna faɗa saboda 'ya'yansu kamar zakaru. Shi kaɗai ya riƙe, ni kuma na biya.

Abin da ba su ce da ni ba kaɗan ne. Hannuna rariya. Ina tsoron ƙwallo. Ina barci a tsaye. Wani tsoho da ko filin ba ya zuwa, don idonsa ba ya gani sosai, ya ce shi tun daga tafiyata ya san ba gola ba ne. A yi dariya, in sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma, ina jiran ko tari Baba zai yi. Sai ƙarar carbi.

Na taɓa kai ƙara wurin Kaka, don ita kaɗai nake iya yi wa tsiwa. Tana tsinke zogale ta ce, "Kai tafi can, mijin banza. So kake ya zubar da mutuncinsa a titi saboda tamaula? Ni na haife shi, shi ne na farina, ka taɓa jin na yabe shi?" Na ce ai shi ya sa. Ta jefe ni da murfin kwano.

Wasan ƙarshe na kakar da 'yan unguwar Zahir za mu yi, kuma labari ya zo cewa wani mutum mai zagayawa unguwanni yana ɗibar yara wa babbar ƙungiya zai zo kallo. A lokacin ba ni da wani buri a duniya da ya wuce mutumin nan ya gan ni a raga. Na san abin da nake tarewa. Na san in ana cin mu uku, to na hana bakwai, kuma duk mai ido zai gani. Na yi mako ina tashi da asuba ina buga ƙwallo a bango ina cafewa.

Ana gobe wasan aka kira mu mirkaz. Mai mirkaz ya gyara zama ya ce sun duba, ciwon ƙungiyar nan a raga yake, kuma ɗan 'yar'uwarsa yana da tsawo, gobe shi zai tsaya. Kocinmu, wani saurayi mai gyaran firji, ya san gaskiya sarai, amma ya kama sosa ƙeya. Sai direban tasin nan, ban sani ba ko tausayi ne ya kama shi, ya ce, "Tayyib, mun ji, amma ga mahaifinsa zaune. Alhaji, me ka ce?"

Wannan ne karo na farko da aka miƙa masa maganar a hannu. Kalma ɗaya ta isa. Ko cewa ya yi a bar shi ya ƙarasa kakar, wallahi da an bar ni, don ana jin nauyinsa. Na ɗaga kai na dube shi, abin da ban taɓa yi ba a cikin mutane.

Ya ce, "Yaro ai naku ne. Yadda kuka gani."

A nan take aka ce in cire rigar in ba wancan. Ban ma kai gida ba, a gaban shagon na tuɓe ta, na taka layinmu da singileti.

Washegari na tsaya a kan dutse ina kallo. An zura wa dogon nan ƙwallaye har na daina jin daɗin abin, na koma jin tausayinsa. Baƙon bai kai ƙarshen wasa ba ya shiga motarsa. Kana tsammani dattawan nan sun ji kunya? Da magariba suka ce ai dole, tunda wani ya hau dutse ya zuba wa raga ido da baƙin ciki a ransa. Ina wasa laifina ne, ba na wasa ma laifina ne. Daga ranar ban sake sa safar hannu ba, ban kuma sake zama a tabarmar nan ba.

Yau babu mirkaz ɗin, shagon ya zama wurin sayar da wayoyi, filin kuma an yi gini a kai. Yawancin dattawan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ina faɗa ne don an ce a faɗa. In na zauna da tsararrakina suna kukan wai alkunya ta ƙare, yaran yanzu ba su san kara ba, ba na taya su. Akwai abubuwan da da nake kewa. Wannan ba ya ciki.

Baba yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, ni nake kai shi asibiti duba sukari. Watannin baya muna dawowa, cunkoso ya tsayar da mu daidai inda filin yake a da. Ya daɗe yana kallon ginin ta taga. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Golan nan da aka cire a shekarar nan, ba shi da laifi. Mai tsaron bayan ne ba ya komawa. Duk ta gefensa ake shigowa, ta hagu. Ranar da aka yi ruwa ma, wadda ya tare da ƙafa, ba kowa ke tare ta ba."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Shekara da shekaru ina ba shi uzuri cewa tela ne, bai san ƙwallo ba, ya ɗauka gaskiya suke faɗa. Da wannan uzurin na yi ta lallashin kaina har na yi furfura. Ashe yana gani. Har gefen da ake shigowa ya sani.

Na ce, "Baba, golan nan ni ne."

Ya ce, "Na sani." Sai ya nuna gaba da carbinsa. "An ba da hannu, tafi."