Ranar da Kyandirori Suka Rusuna wa Insifekta

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da kyandirorina suka rusuna wa insifekta a Gidan Rumji ba. Tun da kun matsa sai na ba ku labarin kafin in bar muku gidan, to ku gyara zama, musamman ku sababbin malamai da kuke ganin kamar da ajin kyandir aka gina wurin nan.

Ga wadda ba ta san tsarinmu na lokacin ba, cibiyar koyar da mata sana'a, wadda muke kira fuwaye, hawa uku gare ta. Akwai direktiris a sama. Sai monitiris, wato malamar da ke riƙe da aji nata na kanta. Sai mataimakiya a ƙasa. Ni mataimakiya ce a ajin ɗinki, shekara tara cur. Ni ce mai shafa wa keke mai, ni ce mai kwance ɗinkin da ɗalibai suka karkatar, in an yaba aiki kuwa sunan wata ake kira. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci mini rai. Aji nake so nawa na kaina, ko da mata biyar ne a ciki.

Ƙa'idar buɗe sabon aji ita ce, mai so ta yi samfurin abin da za ta koyar, ta rubuta jerin kayan aiki da inda ake samunsu. Direktiris ta aika takarda Maradi. Ranar rufe kwas, a watan biyar, insifekta ya zo ya gani da idonsa. In ya sa hannu, an buɗe. In ya ƙi, ba a cika sake ba mutum dama ba.

Kyandir kuwa da wasa na fara shi a gida, lokacin sanyi. Wutar lantarki tana yawan ɗaukewa, mutanen ƙauyukanmu kuma ba su da ita ma sam, sai na ce bari in gwada hannuna. Na je Maradi na sayo farin kaki, irin wanda ake sayarwa fale-fale kamar sabulu. Mai shagon ya ce mini irinsa Turawa ke aiki da shi, ni kuwa ban tambaye shi komai ba bayan wannan. Na haɗo da garin kala, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Na sa aka yanka mini tiyon famfo gajeru-gajeru, su ne mazubi. Kakin ina sa shi a babban gwangwanin tumatir, in ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, don in aka ɗora shi kan wuta kai tsaye kamawa yake yi. Lagwani ne ya fara ba ni kunya. Na sa zaren ɗinki, da yake shi na sani, ashe na roba ne. Ina kunnawa ya ƙudundune ya zama ɗan baƙin ƙwallo ya mutu. Daga baya na warware lagwanin fitila na yi amfani da shi, ya ci.

Kai, kyandirorin nan sun yi kyau. Da na kai wa direktiris ɗinmu, Madam Hasiya, ta juya su ta sake juyawa, ta ce, "Zuwaira, ke kinka yi wannan da hannunki?" A satin ta aika takarda. Na zuba guda arba'in, na jera a kwali, na ɗora saman kwabar ɗakina, na koma ina lissafin kwanaki kamar mai jiran Sallah.

Saura kwana goma sha biyu na sauko da kwalin don in goge su. Na buɗe shi. Babu ko guda da ke tsaye a miƙe. Wasu sun lanƙwashe kamar lauje, wasu sun manne da juna, ja ya shiga shuɗi. Ɗakina rufin kwano ne, muna kuma tsakiyar bazara. Na zuba su cikin sanyi, na yaba su cikin sanyi, ban taɓa tunanin cewa a garinmu watannin zafi sun fi yawa ba. Na zauna bakin gado na yi kuka, kuka sosai.

Washegari ranar kasuwa ce. Na fita ba don ina da abin saye ba, sai don gidan ya ishe ni. A layin masu hatsi igiyar takalmina ta tsinke, na ɗingisa zuwa wurin Baba Nomau baduku, wani dattijo da ya daɗe yana ɗinkin fata a bakin kasuwar. Na zauna kan bencinsa fuska a murtuke. Inuwar rumfarsa ba ta kai ƙarshen tabarmarsa ba, kuma can cikin ranar na hangi wani dunƙule mai ruwan ƙasa. Kowane zare ya ɗauko sai ya ja shi a jikin dunƙulen kafin ya zura a basilla.

Na ce, "Baba, mene ne wannan?"

Ya ce, "Kakin zuma ne, ɗiyata. Ke malamar lakol, 'yar boko, ba ki san kaki ba?"

Na ce, "Tun yaushe yake cikin rana?"

Ya ce, "Yau, ko tun da nis saye shi? In yau ce, tun hantsi. In ko saye ne, ya ga bazara ukku."

Na ɗauka na matsa. Ya yi ɗumi, ya ɗan yi taushi a sama, amma yana nan da siffarsa. Nan na kwashe labarina duka na faɗa masa. Ya yi dariya har ya ajiye basilla.

Ya ce, "To ai kakin naki ɗan hutu ne, bai saba da wahala ba. Wanga ƙudan zuma sunka yi shi saman gawo, cikin ranag ga tamu. Mi za ta yi mishi?"

Shi ya koya mini yadda ake gane na kirki. Ka gutsura ka tauna, in bai manne a haƙori ba kuma ba ka ji ƙarnin kitse ba, ba a gauraya shi ba. Ka karya shi, cikinsa ya fito da ɗan gari-gari, ba santsi ba. Ka shinshina, ka ji zuma. Sannan ya kwatanta mini wani mai amya a Gidan Sori, ya ce in sun tatse zuma saƙar ba ta dame su ba, dukawa kaɗai ke nema. Da na tashi tafiya ya ƙara da cewa kakin zuma yana son lagwani mai kauri, in biya gidansa matarsa ta ba ni abawa, wato zaren auduga mai kauri da take kaɗawa da mazari.

Kashegari na hau kabu-kabu zuwa Gidan Sori. Mai amyar ya yi ta kallona yana mamakin ma'aikaciya ta baro buro, wato ofis, ta zo neman abin da suke zubarwa bayan danga. Ya cika mini buhu, ya ƙara mini da 'yar kwalbar zuma wai in sha a hanya.

A tsakar gidan fuwayen nan na dafa saƙar cikin ruwa, na tace da ƙyalle, na bar ta ta kwana. Da safe kakin ya taso sama ya daskare kamar faifai, dattin ya kwanta a ƙarƙashinsa, na kankare da wuƙa. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne ƙanshin zai gayyato masu kayan. Kafin azahar ƙudan zuma sun cika gidan, 'yan ajin ɗinki suka rufe tagogi, monitiris ɗinmu ta yi gudun da ban san tana da shi ba. Ba wadda aka harba, amma an yi wata guda ana yi mini tsiya.

Lagwanin ya ɗauke ni kwana uku. Silli ɗaya na abawa ya nutse cikin narkakken kaki ya mutu. Silli biyar ya yi hayaƙi kamar murhu. Da na kitsa uku, na tsoma cikin kaki ya sandare, sai wutar ta tsaya cak. Na zuba guda ashirin.

Da na kai wa Madam Hasiya sai ta yamutsa fuska. Gaskiya ba su da kyan gani, launinsu kamar na ƙuli-ƙuli, kuma ba su karɓi kala ba.

Ta ce, "Wannan za mu nuna ma baƙo daga Maradi? Ina fararen nan masu kala?"

Na gaya mata abin da ya same su. Sai ta kawo dabara. In sake narka su in zuba, mu binne su cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ranar taro mu fito da su da sanyinsu. Takarda ta ce insifekta zai iso ƙarfe tara. Kafin rana ta yi zafi ya gani ya sa hannu.

Na ce, "Madam, in an buɗe ajin fa, matan ƙauye irin na Sae Sabuwa su ma gindin randa za su riƙa kasa kayansu?"

Ta ce, "A buɗe tukuna, Zuwaira."

Ta kafe, ni kuma mataimakiya ce. Abin da na samu kawai shi ne ta yarda in jera na zumar a baya, inda ba za su tsone wa kowa ido ba.

Ranar taro aka kafa rumfar tampol a tsakar gida. Ƙarfe takwas da rabi muka tono kyandirorin, muka goge, muka kafa su a tire cikin yashi, jajaye da shuɗɗa a gaba. Mata suka yi ta zuwa kallo. Tara ta yi, goma ta wuce. Sha ɗaya aka bugo waya cewa insifekta ya tsaya wani taro a Tibiri. Tampol ya ɗauki zafi. Ina tsaye bayan tebur ina kallon jan da ke tsakiya yana sunkuyar da kai a hankali, na kusa da shi ya bi shi. Madam ta zo ta ɗauki faifai tana yi musu fifita, da lesinta da komai, gumi na zuba. Na so in yi kuka, sai dariya ta zo mini, na danne da gefen mayafi.

Ƙarfe ɗaya saura motarsa ta tsaya. Ya duba ɗinki, ya duba sabulu, ya iso teburina. Sahun gaba duka sun rusuna, wani har goshinsa ya taɓa yashi. Na baya ashirin suna tsaye.

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Na sha zuwa rangadi, amma yau ne kaya suka fara gaishe ni. Malama, su na bayan me ya hana su?"

Madam ta buɗe baki, na riga ta. Na ce a raina in zan faɗi, in faɗi da gaskiyata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gaban su ne kuskurena, na bayan su ne abin da zan koyar."

Na ba shi labarin daga shagon Maradi har rumfar Baba Nomau, ban rage komai ba sai zancen randa. Ya karɓi jerin kayan aikina ya karanta. Kaki daga masu amya na Gidan Sori, abawa daga masu kaɗi na cikin gari, tiyo da gwangwani. Ya ce, "Wato babu abin da sai an je Maradi?" Na ce ashana ma akwai a nan. Ya gutsuri gindin guda ya tauna kamar yadda na kwatanta, mata suka kwashe da dariya. Ya sa aka kunna, ya kare da tafin hannunsa. Wutar ta tsaya, ƙanshin zuma ya tashi, wata tsohuwa daga baya ta ce a ajiye mata biyu.

A kan teburin ya sa hannu. Ya ce sharaɗinsa guda ne, kada in jefar da lanƙwasassun, in riƙa nuna wa kowane sabon aji a ranar farko. Wani farin ciki ya rufe ni. Mata suka rangaɗa guɗa.

Da baƙi suka watse Madam Hasiya ta kira ni buro. Na shiga ina jiran faɗa. Ta dube ni, na dube ta, sai muka fashe da dariya har da hawaye. Ta ce, "Hannuna har yanzu ciwo yake don fifita." Ta jawo aljihun tebur ta ciro makullin ɗakin ƙarshe, wanda muke ajiye karyayyun kujeru, ta ce, "Ki share shi, Madam monitiris." Ita ce ta fara kirana da sunan. Mata goma sha huɗu na fara da su, shida daga cikinsu a amalanken jaki suke zuwa daga ƙauye.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Kafin ku zaɓi kayan aiki, ku tambayi kanku a wane ɗaki abin zai zauna, a wane wata, a hannun wa. Ku gwada shi a ranar da ta fi kowace zafi, ba ranar da ta yi muku daɗi ba. Kuma kada ku tsaya ga mai sayarwa kaɗai, ku nemi wanda ya shekara yana taɓa abin da hannunsa, ko da a bakin kasuwa yake zaune. Matan da kuke koya wa ba insifekta za su kai wa kayansu ba. Tire za su ɗauka su zauna cikin rana daga safe har la'asar, kuma abin da kuka zaɓa musu shi za su ci da 'ya'yansu.