Kawu da Tashar da Aka Daina Kamawa

Shekara ashirin da bakwai kawuna ya yi yana karanta labaran rana a gidan rediyon gwamnati. Abokan aiki suna kiransa Sai-An-Tabbatar, don ko gobara ya gani da idonsa ba zai faɗa ba sai ya buga wa 'yan kwana-kwana waya. Ɗakin aikinsa ƙarami ne, an manna wa bangon soso, ga makirufo guda da aka ɗaure wa wuya da salatif. A nan furfura ta same shi.

Da aka buɗe sabuwar tashar rediyo a saman wani kanti, gari ya koma can. Daga safe har la'asar siyasa ce, ana bugo waya ana zagin juna, mai gabatarwa yana ƙara zuga su. Masu aski, teloli, direbobi, kowa ita yake kamawa, har matar kawu in tana wanke-wanke. Ta taɓa ce masa tasharsu barci take sa ta. Dariya kawai ya yi.

Wata Talata wani ya kira sabuwar tashar ya ce 'yan wata jam'iyya sun zuba guba a tankin ruwan unguwarmu. Kafin azahar an farfasa famfuna, an yi wa mai gadin tankin dukan da ya karya masa ƙugu. Kawu ya ɗauko injiniyan ruwa da wata likita, ya zaunar da su gaban makirufo. Minti arba'in suka yi suna bayanin cewa ruwan lafiyarsa lau, tsatsar bututu ce ta canja masa launi. Da suka fito, mai kula da na'ura ya sunkuyar da kai ya ce tun minti na shida janareto ya mutu, babu mai. Nauyin katse su ya ji.

Da yamma kawu ya zo gidanmu, ya tarar da mahaifiyata, yayarsa, tana zubar da ruwan da ta tara. Ya ce mata ƙarya ce, daga bakin likita ya ji.

"In ƙarya ce, me ya hana a faɗa a rediyo?" in ji ta.

"An faɗa, Yaya."

"A wace tasha?"

Ya karɓi bokitin ya taya ta zubarwa.

Mai gadin ya rasu bayan mako biyu. Sabuwar tasha ta yi kwana uku ana musun jam'iyyar da ta kashe shi. Kawu ya karanta sanarwar rasuwar, da sunan mamacin da na 'ya'yansa huɗu, ba tare da ya san ko tana fita ba.

Da shekara ta zagayo ya yi ritaya. Yanzu a ƙofar gida yake wuni. Na tambaye shi ko yana kewar aikin.

"Da can," ya ce, "in na yi tari a tsakiyar labarai, washegari sai wasiƙu sun zo ana yi mini sannu."