Susar da na yi a gaban surukina

A lokacin ina saurayi, malamin makaranta a Birnin Kebbi, amma haifaffen Argungu, kuma ba na bari kowa ya manta da hakan. A gulbi na koyi iyo tun kafin in iya ɗaura wando, don haka gani nake babu mai koya mini komai game da ruwa. Saura kwana biyar in je gaishe da mahaifin yarinyar da zan aura, abokaina suka ja ni wani otal mai wurin ninƙaya, wai in wartsake.

Ruwan ya yi kore-kore, ba a ganin ƙasansa. Mai kula da wurin ya ce injin tacewa ya kwana uku bai yi aiki ba, gara mu haƙura, in kuma mun nace to mu yi wanka da sabulu da zarar mun fito. Abokaina suka koma shan lemo. Ni kuwa na yi masa dariya, na ce gulbinmu ya fi wannan duhu, har shanu ke sha a ciki, ko ƙurji ban taɓa yi ba. Na manta ruwan gulbi wucewa yake yi da dattinsa, wannan kuwa yana nan tsaye da na duk wanda ya shiga. Na yi ta nutso ina burge mutane, na goge jiki da wani tawul da na tsinta a kujera, na zura kaftani a kan jiƙaƙƙen wando, na hau babur har unguwar Gesse inda nake zaune.

Kwana biyu ƙuraje suka feso mini daga cinya har gadon baya, ga ƙaiƙayi kamar na kwana a buntun shinkafa. Girman kai ya hana ni zuwa asibiti.

Ranar gaisuwa na zauna a zaure kaina a sunkuye, kamar yadda ake yi. Na daure iya daurewa, sannan na fara goga baya da bango a hankali, daga nan hannu ya shige cikin babbar riga. Kawuna da ya rako ni sai harara yake yi. Mahaifin yarinyar ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, ɗiyata ba ta shiga ɗakin mai ƙazuwa. Tai ka warke, sannan mu yi magana."

Wallahi na fi jin wannan fiye da ƙaiƙayin. Da na je asibiti daga baya, likita ya ce ba ƙazuwa ba ce, ƙwayoyin cuta ne na ruwan da ba a tace ba, amma sai da aka ɗaga bikin wata biyu.

'Yan'uwa, iya iyo daban, tsabtar ruwa daban. In ba ku ga ƙasan ruwan ba kada ku shiga, in kun fito ku yi wanka, ku cire jiƙaƙƙen kaya, ku riƙe tawul ɗinku. An yi auren, 'ya'yanmu uku yanzu, amma har yau in na kai hannu zan gyara hula a gidan surukaina, sai ƙannen matata su fara matsawa.