Tabarmar Daren Talata

Ni dillalin shanu ne a kasuwar Talata Mafara, kuma ba na karya kumallo sai da rediyo a kunne. Wata safiya na ji an ce manyan ƙasashe masu ƙawancen soja sun yi taro, sun yanke cewa wata ƙasa ta gabas, mai ƙera mana wayoyi da babura, ta zama barazana ga tsaronsu. Na yi dariya har koko ya sarƙe ni. Na ce wa uwargidana, ƙasar nan baiwar Allah ba ta ɗaga wa kowa bindiga ba, laifinta kawai ta yi ƙiba.

Dariyar ba ta kwana ba.

Ina da baƙo, wani Bafulatani daga wajen Gidan Goga, wanda tun zamanin mahaifina a gidanmu yake sauka. Al'adarmu ce, ran Litinin da la'asar, jajiberin kasuwa, mai masauki ya shimfiɗa wa baƙonsa tabarma a zaure, ya ajiye buta. Wannan shimfiɗa shaida ce: mutumin nan nawa ne, na tsaya masa. Shekarun nan Allah ya buɗa masa. Garkensa ya cika, ya sayi babur, ya sa sola a rugarsa.

A lokacin ne 'yan sa-kai na ƙauyukan Maradun da Bakura suka haɗa kai, saboda ɓarayin daji sun hana kowa sakat. Ban ga laifinsu ba, sun binne 'yan'uwa. Amma da yammacin ranar da na ji labarin nan a rediyo sai ga ɗaya daga cikinsu, maƙwabcina, ya tsaya a ƙofar zaure. Muka gaisa har gajiya da iyali, sannan ya rage murya.

"Alhaji, baƙon nan naka, an yi maganatai wurin taro."

"Mi yay yi?"

"Bai yi komi ba tukuna. Amma kowa na tsiyacewa, shi yana ƙaruwa. In ya juya muna baya gobe fa?"

Tukuna. Irin maganar rediyo ce sak, sai dai wannan karon ban yi dariya ba. Na san abin da ke samun wanda aka ambata a irin wannan taro.

Ran Litinin na shimfiɗa tabarmar, maƙwabta na leƙe. Duk babur da ya shigo lungu sai na leƙa in ga ko shi ne. Har aka yi magariba bai zo ba.

Washegari a kara, wurin cinikin shanu, wani makiyayi ya raɓe ni kamar mai taya saniya, ya ce baƙona na gaishe ni, ya kwashe iyalinsa ya yi nisa. Kuma yana roƙona don Allah in naɗe tabarmar, kada a haɗa da ni.

Har yau ban san inda yake ba. Tabarmar kuwa uwargida ta gaji da cewa in ɗauke.