Ranar da Ɗan Ƙanwata Ya Ji Hausa

Ƙarfe biyar na yammacin wata Juma'a ne, a filin tseren motoci da ke wajen Jidda. Mu uku ne: ni, da kafilina, wato uban gidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, mai motar, da ɗan ƙanwata, direbanta. Ko zan manta lambar iƙamata, takardar zamana a Saudiyya, ba zan manta wannan yammacin ba.

Ni makanike ne a unguwar masana'antu ta Jidda, kuma ni na haɗa injin motar, mai ƙofa biyu, wadda in ta yi gurnani sai ka ji a haƙarƙarinka. Kafilin ya riga ya faɗa mini: "In ta kunyata ni, halas, ka nemi wani gareji." Tseren miƙaƙƙe ne: motoci biyu, fitila ta ba da kore, wanda ya riga kaiwa ƙarshe ya ci.

Ɗan ƙanwar tawa haifaffen unguwar Ruwais ne, a nan Jidda. Na yi shekaru ina yi masa faɗa ya koyi Hausa. In na yi masa Hausa, Larabci yake mayar mini.

Tsarina ba ya canzawa. Na duba mai, sannan ruwa, sannan tayoyi. Yaron ya ɗumama tayoyin, ya hau layi. A nan na hango baƙin mai yana zuba daga ƙarƙashinta. Na fizgi oba-oba da muke magana da direba, kuma don kada a samu kuskure na yi masa harshen da yake ji: "Taffi! Taffi!" Wato kashe injin.

Fitila ta ba da kore. Ya taka ta har ƙasa.

Motar ta fita kamar an harba ta, ta bar abokiyar karawarta a baya, ta tsallake layin ƙarshe, sannan ta yi tari, ta mutu cikin hayaƙi.

Na same shi yana cire hular kwano yana murmushi.

"Kai! Me na ce maka?"

"Ya khali, kawu, ka ce tafi. Wallahi har na yi murna, yau na gane Hausa!"

Kafilin ya taho da gudu. Na tsaya jiran kora, sai ya sumbaci kaina. "Mu'allim, gwani! Mota ba mai ta ci tsere! Wa ke da irinta a Jidda?"

Har yau labarin ƙarkonta yake bayarwa a majalisa. Ni kuwa na san abin da na kwashe daga cikin injin da tsintsiya.

Na koyi cewa gaggawa ba ta son harshe biyu. Don Allah, mai karatu, in kana da ɗa haifaffen nan, kafin ka koya masa "tafi", fara koya masa "kashe".