Yatsun Baba Mai Agogo

Kowace Asabar da safe Baba Mai Agogo yakan buɗe ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa, ya share teburin, ya jera filaya da sukurdireba. Mu masu harkar ƙananan jiragen sama na rimot sai mu yi ta shigowa, kowa da jirginsa a hammata. Ba mai zuwa filin da muke tayar da jiragen sai ya bi ta hannunsa.

Shi ya koya mana zaɓen sarbo, wato ɗan injin da ke motsa leɓen fiffike da na wutsiya. Ƙaramin jirgi, in ji shi, mai haƙoran roba ya ishe shi. Babba kuwa sai mai haƙoran ƙarfe, kuma wayar da ta haɗa sarbo da leɓe ta zama gajera, ba ta lanƙwasa. In ya gama ɗaurawa sai ya kama leɓen wutsiya da yatsu biyu, ya rufe ido, ya girgiza a hankali. In ya ji wasa ko kaɗan ne, jirgin nan ba zai tashi ba.

Mun ga abin da yake gudu. Amininsa, wani tsohon direba, ya taɓa kawo babban jirgi mai sarbon roba.

"Waɗannan haƙoran ba za su ɗauke shi ba," in ji Baba.

"Kai da naka haƙoran suka ƙare, kai za ka raina na wani?" in ji Direba, ya kwashi jirginsa yana dariya.

A sama haƙoran suka zube. Jirgin ya faɗo kan wata mata mai wucewa, kuma har yau ba ta iya ɗaga hannun dama. Baba bai yi wa amininsa gori ba. Tare suka riƙa zuwa asibiti duba ta.

Kai ne mai cewa a'a, Baba, ko da za a yi fushi da kai.

Bana ciwon suga ya fara cin yatsunsa. Mun lura sukurori na zame masa, muka yi shiru don kunya. Kwanan baya ya gwada jirgina, ya ce lafiya lau. Sai ya tsaya, ya kira babbar 'yarsa da ta kawo masa magani.

"Uwata, taɓa min nan. Me kika ji?"

Ta taɓa. Ta girgiza leɓen wutsiyar a hankali.

"Baba, yana wasa."

"Da yawa?"

"Da yawa."

Ya sake kamawa, ya rufe ido. Bai ji komai ba. Na ce masa, "Baba, kuskure ɗaya ne, kowa na yi."

"Malam, akwai mutane a ƙarƙashin jiragen nan," in ji shi. Ya naɗe kayan aikinsa a tsumma ya miƙa mini.

Da ka yi shiru, Baba, ba wanda zai hana ka ci gaba, don ba mai ƙarfin halin faɗa maka. Kai ka tsayar da kanka. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.

'Yan'uwa, yanzu ɗakin nan a rufe yake ran Asabar. Kowa ya kama wutsiyar jirginsa ya gwada da kansa, kuma in ya ji wasa, ya mayar da shi gida.